Ruwan Shari Ya Canja Lokaci, Lissafinmu Fa?

Abin da muke so mu tattauna a wannan fitowa shi ne maganar lokaci. Duk wanda ya daɗe a cikin wannan sana'a ya san ribarmu a wuyan lokaci take rataye, watau ranar da aka sayi sa, da ranar da ya ƙetare kogi, da ranar da ya shiga kara a Maiduguri ko Mubi ko Potiskum. In ɗaya ta goce, sauran ma sun goce. To, lokutan nan da muka gada daga iyayen gidanmu sun fara gocewa, amma har gobe yawancinmu da tsohon lissafi muke ƙulla ciniki, muke cin bashi, muke yi wa masu kora alkawari.

Bari mu fara tuna wa juna yadda tsohon lissafin yake, saboda yaran da suka shigo kasuwa kwanan nan, waɗanda suka tarar da tirela da wayar hannu.

Mu a wannan ƙasa ruwa biyu gare mu. Akwai ruwan sama, wanda yake sauka daga wajen Yuni zuwa Satumba, kuma a Njamena abin da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba. Akwai kuma ruwan kogi, wanda ba namu ba ne, baƙo ne daga nesa. Shari yana tasowa daga Afirka ta Tsakiya, Logon kuma daga tsaunukan Adamawa da kewayensu, su haɗu a nan gabanmu tsakanin Njamena da Kusuri. Saboda nisan tafiya, kogi ba ya kai maƙurar cikarsa a Njamena sai ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, lokacin da sama ta riga ta ɗauke da kusan wata guda. Kafin nan Logon ya riga ya tumbatsa ya malale a cikin babbar fadamar da Fulani suke kira yayre, wadda a ɓangaren Kamaru kaɗai takan kai murabba'in kilomita wajen 8,000 a shekara mai kyau. Wani kaso na ruwan nan yana tsiyayewa ta kogin Ebeji, wanda ya raba Fotokol da Gamboru, ya tafi Tafkin Chadi. Shi ya sa za ka ga Ebeji cike a tsakiyar hunturu, sama kuwa ba ko ɗigo.

Wannan jinkiri na kogi shi ne rufin asirin shanu. Da kaka suna cin ciyawar tudu da karan gona. Ciyawar tudu na bushewa, ruwan fadama ya fara ja da baya, makiyaya su bi bayansa taki-taki, shanu na cin burugu da shinkafar daji ɗanya shar a watan Disamba da Janairu. A gefen fadamar, a ƙasar laka mai tsagewa, manoma sun dasa dawar rani, wadda muke kira berbere a nan, a Barno kuma masakwa, su girbe ta wajen Janairu ko Fabrairu, a sakar wa shanu kara. Daga nan sai itatuwa su karɓi aiki. Dushe, wanda ya yi daji guda a bakin fadama, yana fure da rani, awaki da tumaki da shanu duk suna tsintar furen da 'ya'yan, masu ƙaro kuma na Durbali da sauran wurare suna samun na cefane a jikinsa. Gabaruwa, mai tsayuwa a kwari inda ruwa ke kwanciya, tana zubar da 'ya'ya. Giyayya da kanya da tsamiya suna ba da inuwa a bakin ruwa. Sa'an nan ga gawo, wanda Allah Ya yi masa hali daban da sauran itatuwa: da damina ya kakkaɓe ganye, da rani ya yi kore, ya kuma zubo da 'ya'ya daidai lokacin da ƙasa ta zama fayau ba abin tsinta. Kowane ɗaya yana miƙa wa na gaba, kamar 'yan dako a bakin mota, har sabuwar ciyawa ta fito.

A kan wannan jeri aka gina fataucinmu. Shanu sun fi ƙiba daga ƙarshen damina zuwa hunturu, don haka a lokacin ne Masaget da Durbali da Masakori da Musoro suke cika maƙil. A lokacin ne ake haɗa garke, a ƙetare, a bi hanya cikin sanyi, akwai ruwan sha a gaba, akwai abin ci a zango, a isa Nijeriya daidai kasuwar ƙarshen shekara da mutanen kudu ke neman nama. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda, amma kowa ya haddace shi.

Waɗanda suka kai shekarunmu sun ga karo na farko da jerin nan ya tsinke. Farin 1973 ne ya raba Tafkin Chadi gida biyu, tafkin da a shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita wajen 25,000. Na 1984 ya fi shi muni, ga shi ya zo a bayan annobar bushiya da ta karkashe shanu a 1983. A tsakanin farin biyu kuma, a 1979, aka gina madatsar Maga a Kamaru don noman shinkafa, aka yi wa Logon ganuwa, ruwa ya daina isa wani babban yanki na yayre. Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Ciyawa mai saiwa, wadda ke tohowa bayan an ƙona ta, ta mutu, aka bar ciyawar shekara ɗaya da ke bushewa tun kafin hunturu ya yi nisa. Makiyaya da masunta da yawa suka yi ƙaura. Sai a 1994 aka sake buɗe wata mashigar ruwa da aka toshe, ruwa ya koma wani sashe, kuma cikin 'yan shekaru ciyawa mai saiwa ta fara dawowa, shanu suka biyo ta. Mun kawo wannan ne don a san ba kome ne ake ɗora wa canjin yanayi ba. Akwai aikin hannun mutum, na madatsa da ganuwa da gatari, kuma abin da hannu ya ɓata hannu na iya gyarawa. Gawayin da Njamena ta ci daga dajin Mandeliya da hanyar Durbali kafin gwamnati ta hana shi a ƙarshen 2008, ba sama ce ta sare shi ba.

Yanzu kuma abin ya juyo da wata fuska. An yi ambaliya a 2012, an yi a 2020. A 2022 sai da shugaban ƙasa ya kafa dokar ta-ɓaci ran 19 ga Oktoba, mutum fiye da miliyan ɗaya abin ya shafa, Waliya da Tukra suka koma sai da kwalekwale, kogi ya haura mita 8 a ma'aunin Njamena. Ba a gama farfaɗowa ba, 2024 ta zo ta wuce ta: jihohi 23 duka, mutum wajen miliyan 1.9, rayuka 576, dabbobi fiye da 70,000. A shekarar ce kuma, ran 10 ga Satumba, madatsar Alau ta fashe ta cinye Maiduguri, watau mafari da maƙarar hanyarmu duka a cikin ruwa lokaci ɗaya. Masana yanayi da suka bincika daminar 2022 sun ce ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan da ya sauka a yankin Tafkin Chadi nauyi da wajen kashi 20 cikin 100. Wani bincike na 2017 kuma ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga farkon shekarun 1980. Ma'ana, ruwan ya dawo, amma bai dawo da halinsa na da ba. Yakan yi jinkiri, ya tsaya a tsakiya shuka ta ƙone, sa'an nan ya zubo na wata guda a kwana biyu.

Muna jin wasu a kasuwar Digel suna cewa, to mene ne abin kuka, ba gara ruwa da fari ba? Gaskiya ne, wanda ya ga 1984 ba zai zagi ruwa ba. Kuma shekarar babban ruwa takan bar ciyawa mai yawa a fadama can gaba cikin rani. Amma a duba abin da ke faruwa kafin a kai ga can gaban.

Ciyawar tudu ba ta jiran kogi. Lokacinta na yi ta bushe. In kuwa aka sami ruwan sama na makara ya sauka a kan busasshiyar ciyawa, to ya ruɓar da ita, ta yi baƙi, saniya ta sansana ta wuce. A daidai wannan lokaci fadama tana nan cike, ruwan da ya kamata ya fara ja bai ja ba, inda ya ja ma laka ce mai kama ƙafa. Sai shanu su taru a 'yan tudunnin da suka rage, dubbai a wuri ɗaya, ga sauro, ga ƙudaje masu cizo, ga ciwon kofato, ga ciwon hanta da ke bin ruwa mai kwanciya, wanda ba ka ganinsa sai mahauci ya farke ciki ya yar da hantar a gabanka. San da ka saya da tozo a tsaye a Masaget, in ya yi mako uku yana jiran hanya a irin wannan wuri, wani sa ne daban zai isa kara. Kuɗin masu kora na tafiya, kuɗin dusa na tafiya, mai bashi kuma yana ƙirga kwanaki. A shekarar ƙarancin ruwa kuwa giɓin yana komawa ɗaya ƙarshen: fadama ta buɗe da wuri, ta ƙare da wuri, bazara ta yi tsawo, zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 ya tarar da shanu ba kome a ciki. Ko ta ina aka bi, asarar a cikin 'yan makonnin nan na giɓi take.

Itatuwan ma ba su tsira ba, kuma wannan ne abin da ba mu cika kula da shi ba domin ba ya nuna kansa a shekara ɗaya. Babbar gabaruwa tana jure wa ruwa wata da watanni, amma 'yar ƙarama in ruwa ya rufe kanta ya daɗe, ta tafi. In kuma ruwan bai zo ba shekara da shekaru, babbar ma ta bushe a tsaye. Irinta yana bukatar ruwa ya zo, ya jiƙa ƙasa, ya ja a kan kari, sa'an nan ya tsiro ya kafa saiwa kafin zafi. Shekarar ambaliya ta nutsar da ƙanana, shekarar fari ta ƙona su, abin da ya tsira awaki su gama da shi. A yawancin zangon da ke kusa da gari, tsofaffin itatuwa za ka gani, ba matasa a ƙarƙashinsu. Ga kuma abin da yunwar shanu ke jawowa: duk lokacin da giɓin nan ya buɗe, gatari ake ɗauka. A sassabe gawo tun bai yi 'ya'ya ba, a kwantar da dushe gaba ɗaya don shanu su kai ga ganye. An ci yau, amma an cinye abincin bazara na bana da na baɗi. Masu kora ba su da laifi su kaɗai, domin wanda aka ba shanu ɗari ba a ba shi buhu ko ɗaya ba, da me ake so ya ciyar da su?

Sai babbar magana, wadda ta fi asarar kuɗi, watau rigima. In ruwa ya makara wajen ja, dashen berbere ya makara, girbi ma ya makara. Shanu kuwa da yunwa ta koro daga arewa sun iso a lokacinsu na kullum, ko ma kafin lokacin, sun tarar da dawa a tsaye a inda kakanninsu suka saba tarar da kara. Manomi na da gaskiya, makiyayi na da gaskiya, kowa da kalandarsa a hannu. Masunta ma haka. Mun ga abin da ya faru a yankin Logon-Birni a watan Agusta da kuma Disamba na 2021, inda ramukan da aka haƙa don tare ruwa da kifi suka zama tarkon shanu, magana ta tashi tsakanin Musgum da Larabawan Shuwa, mutanen da suka yi zamanin zamanai suna cin kasuwa ɗaya. An ƙone ƙauyuka fiye da 100, faɗan ya shigo har Kusuri, kasuwar shanu ta can ta salwanta, dubun dubatan mutane suka ƙetaro kogi zuwa nan. Wanda yake ganin maganar ruwa da itace maganar ma'aikatan gandun daji ce, ya tuna da wannan mako, da adadin shanun da suka kwana a wannan gefe ba hanyar wucewa.

Abin mamaki, dokar da ta tsara zirga-zirgar makiyaya a ƙasar nan ita ce ta ran 31 ga Oktoba 1959, tun ana kiran garin nan Fort Lami. An yi ta ne a zamanin da ruwa ke cika alkawari, da tunanin cewa hukuma na iya tsayar da rana da hanya kowa ya bi. Sabuwar dokar makiyaya da majalisa ta zartar a 2014 janye ta aka yi. Ƙasar da ƙidayar 2015 ta nuna tana da shanu kusan miliyan 25, kuma bayan man fetur ba abin da take fitarwa kamar dabbobi, ai bai dace a ce tana tafiya a haka ba.

Wasu za su ce tirela ta raba gardama. Ta rage, amma ba ta raba ba. Tirela hanya take bi, kuma duk wanda ya san hanyar Kusuri zuwa Maltam zuwa Fotokol da damina ya san abin da muke nufi. Tun da rikicin Boko Haram ya toshe Gamboru a 2014 da yawanmu suka koma bi ta Bongor da Yagwa zuwa Mubi, wadda ita ma ta cikin ƙasar ambaliya ta ratsa. Gadar Bongor da aka buɗe a 2025 ta sauƙaƙa ƙetarewa, amma gada ba ta ba sa ciyawa. Kuma ko a tirela za a ɗora shi, sai ya ƙoshi a daji tukuna. Ga Babbar Salla da ke matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara: a 2022 cikin Yuli aka yi ta, a 2025 farkon Yuni, kuma shekarun da ke tafe cikin tsakiyar bazara za ta riƙa faɗawa, lokacin da dabba ta fi rama. Mai son kai raguna da bajimai masu kyau a irin wannan lokaci, a kan 'ya'yan gawo da abin da ya tanada tun kaka zai dogara.

To me ƙungiya za ta iya yi? A ganinmu abu na farko shi ne labari, kuma shi ne mafi araha. Ruwan da zai iso Njamena sai ya wuce ta Sar a kan Shari, ya wuce ta Mundu da Lai da Bongor a kan Logon, da kwanaki masu yawa kafin mu gan shi. Akwai ma'aunin ruwa a waɗannan garuruwa, akwai kuma 'yan'uwanmu da ke zaune a cikinsu. Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa tun 1964, hedkwatarta a nan cikin gari take. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai tana fitar da hasashen damina da na cikar koguna kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Amma duk wannan da Faransanci yake, a ofis yake kwana, bai taɓa isowa gindin bishiyar da muke ciniki ba. Me zai hana ƙungiya ta wakilta mutum biyu masu karatun boko su riƙa karɓo shi kowane mako daga Agusta zuwa Janairu, a mayar da shi Hausa da Larabci da Fillanci, a tura ta murya a waya? Falken da ya san kogi bai fara sauka a Bongor ba, ba zai zuba kuɗinsa duka a Masaget ranar kasuwa mai zuwa ba.

Na biyu ya fi wuya, domin ya taɓa aljihu. Yadda muke ƙulla alkawari ya kamata a sake dubawa. Ana ba da shanu bashi a kan rana tsayayya, ana yi wa masu kora jinga a kan tafiya guda ko kwana nawa ta ɗauka. In ruwa ya tare hanya, nauyin duka a kan mafi rauni yake faɗawa, shi kuma ya sauke shi a kan itacen zango ko gonar wani. Ya kamata shugabanni su zauna da malamai da manyan dillalai a fitar da ƙa'ida sananniya: in hanya ta toshe da shaidar wakilin ƙungiya, a ɗaga ranar biya, a kuma raba kuɗin ciyarwa tsakanin mai shanu da mai saye. Sa'an nan kada garke ya tashi ba tare da guzurinsa ba. Dusa da angurya da ƙulin auduga na Mundu da harawa sun fi sauƙi da kaka. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin biki da na ta'aziyya tana iya kama ɗaki biyu a bakin hanya ta cika su da buhuna, ta sayar wa 'ya'yanta a kan farashin saye.

Maganar burtali da zango kuwa ba tamu ba ce mu kaɗai, sai da sarakuna da lawanai da manoma da masunta, na wannan gefe da na Kamaru. Abin da za mu nema shi ne a daina tsayar da ranar shiga fadama daga ofis. A riƙa zama kowace shekara bayan kogi ya kai maƙura, a dubi ruwa, a dubi berbere, a sa rana, a sanar a kasuwanni. Hukumar CEBEVIRHA da ke ba da fasfon dabbobi ita ma a Njamena take, kuma tana da bakin magana da ƙasashen biyu. Mu kuma abin da za mu kai teburin shi ne alkawari a kan itace: garken ɗan ƙungiya ba zai kwantar da dushe ko gabaruwa ba, gawo kuma a yi masa sassabe na hankali, a bar masa kai da rassan da za su yi 'ya'ya, wanda ya saɓa a ci shi tara a kara, inda ba zai iya ɓuya ba. In aka killace ko da 'yar kadada ce a kowane zango na shekara uku ko huɗu, ƙananan da ke tsirowa za su wuce bakin akuya. Irin ma ba sai an saya ba, yana cikin kashin shanunmu.

Muna roƙon sakatare ya sa waɗannan a cikin ajandar taro mai zuwa, kuma a gayyato wakilan masu kora su yi magana da bakinsu, domin su ne suka san wane zango ne ya rage da inuwa tsakanin Ngeli da Fotokol, wane ne kuma ya zama fili.